Kafin Ka Karɓi Makullin Gidan Haya

Idan dillali ya ce maka, "Alhaji, ciki da falo ne, dubu ɗari uku a shekara," kada ka ƙirga dubu ɗari uku ka kama hanya. Wannan kuɗin haya ne zalla, rabon mai gida. Akwai 'yan rakiya a bayansa, kowanne da sunansa.

Na farko la'ada, haƙƙin dillali, ko ejan kamar yadda ake kiransa a Abuja da Kaduna. An fi sabawa da kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. Ban da ita, wasu na karɓar kuɗin ganin gida tun ba su nuna maka ƙofa ba, kuma ko gidan bai yi maka ba, kuɗin ya tafi ke nan. Sai kuɗin agirimen, wai ladan lauyan da ya rubuta yarjejeniya. Na ce "wai" ne domin sau da yawa babu wani lauya, tsohuwar takarda ce aka kai shagon kwamfuta aka sauya suna da kwanan wata. Duk da haka ka karanta ta layi-layi: wa ke da gyaran yoyo, wa ke biyan kwashe masai, yaushe za a iya ƙara kuɗi.

Koshan kuwa ajiya ce saboda ɓarna, amana ce da ya kamata ta dawo hannunka ranar tashi. A nan ake yawan ɓatawa. Kafin ka shigar da ko tabarma, zagaya da mai gida ko wakilinsa: murɗa famfo, danna makunnin wuta, ɗaga kai ka dubi tabon ruwa a silin, girgiza ƙyauren bayi. Ɗauki hoto a waya. In mitar ba ta kati ba ce, nemi bil na ƙarshe, don kada ka gaji bashin wutar wanda ya tashi.

Sunayen ɗakuna ba su da wuya. Sel-kon ɗaki ne da bayinsa da kicinsa a ciki, fulat sashe ne mai cin gashin kansa, gidan yawa kuma tsakar gida da bayi na kowa ne, har da layin wanka.

Kalmar da ta fi tayar da hankali ita ce notis, kuma ita mutane suka fi jahilta. Ba cewa "ku fita ƙarshen wata" ba ne. A dokar da ake aiki da ita a Abuja, haka ma dokar haya ta Legas ta 2011, in yarjejeniya ba ta yanke wani wa'adi dabam ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata guda, mai biyan shekara kuma wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, a ƙara masa takardar kwana bakwai, daga nan sai kotu. Kowace jiha da tata dokar, amma babu wadda ta ba mai gida ikon cire ƙofa, yaye kwano ko watso kayan mutum waje da hannunsa. Shi ma ɗan haya ya sani, zaman notis ba zaman kyauta ba ne, hayar watannin tana kansa. Kuma duk abin da ya biya ya karɓi rasit, ko da mai gidan kawunsa ne.

Jingina dabam take da haya, ko da yake dillalai ɗaya ke kawo su. Ka ba mai gida dunƙulallen kuɗi, ka zauna ba ka biyan komai, ranar da ya mayar maka da kuɗinka ka ba shi gidansa. Malamai da yawa suna ƙyamarta, don bashi ne ya jawo amfani. Ga kuma faɗuwar darajar naira: wanda ya ba da miliyan biyu a 2020, in yau aka mayar masa da ita cif, ba za ta kama masa irin wannan gidan ba.