Azurfar da ke Cikin Ruwan Wankin Hoto

Kafin zuwan kyamarar zamani da wayar hannu, kusan duk hoton da aka ɗauka sai an shiga da fim ɗinsa ɗaki mai duhu an wanke. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, baƙin nan da ke jikin hoto marar kala azurfa ce. Ana shafe fim da wani gishirin azurfa wanda haske ke sauya shi. Ruwan farko da ake tsoma fim a ciki shi ke baƙanta wuraren da haske ya taɓa. Ruwa na biyu kuwa, wato fiksa, shi ke narkar da ragowar gishirin. Wani masani ɗan Ingila, John Herschel, ya gano wannan siffa ta sinadarin fiksa a shekarar 1819.

Ke nan tsohon fiksa da azurfarsa yake tafe. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara wajen fitar da ita. Ta farko, a bi da ruwan ta cikin mazubi mai soson ƙarfe, sai ƙarfen ya narke, azurfar kuma ta kwanta kamar baƙin laka. Ta biyu, a tsoma faranti biyu cikin ruwan a haɗa su da lantarki, sai azurfar ta taru a jikin ɗaya, a kankare ta. Daga nan sai a shanya, a narkar a wuta mai zafin digiri 962 ko fiye, ta zama irin wadda maƙeran fari ke yin zobe da awarwaro da ita. Wannan aiki ya kan kuma kare kogi, domin narkakkiyar azurfa guba ce ga kifi.

Sai dai akwai abin lura. Dodon hoto marar kala shi ma yana ɗauke da azurfa, saboda haka a kan ƙona shi don a same ta. A 1917 sojojin Faransa sun narkar da ɗaruruwan finafinan Georges Méliès saboda azurfarsu da robarsu. Don haka muna kira ga malamai da dattawa, duk wanda ya gaji tsofaffin dodannin hoto na sarakuna, ko hawan salla, ko makarantu, kada ya sayar da su a ma'auni. Ya adana su a wuri busasshe, ko ya miƙa su gidan tarihi, domin azurfa ana iya sayo wata, amma hoton da ya ƙone ya tafi ke nan.