Teburin Mai Shayi da Tukunyar Garau-garau: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Yau rumfunan abinci na Unguwa Uku, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ke Kano muka nufa, za mu kuma ɗan leƙa Amurka mu ga yadda nasu suke. A wanke hannu, bismillah!

A tashar Unguwa Uku da ke kan titin Zariya, tun kafin motar Kaduna, Abuja ko Jos ta fara lodi, mai koko da ƙosai ta riga ta sauke kaskon farko. Fasinjan da ya saba, ko ya ji ɗan kamasho yana kiran "saura mutum ɗaya", ba ya ajiye kofinsa. Karya a nitse, Malam, akwai sauran lokaci!

Rumfar abinci ba ta da takardar da ke lissafa abin da aka dafa. Ka ce "Hajiya, me ya rage?", ita kuma ta buɗe maka kuloli ɗaya bayan ɗaya: tuwon shinkafa, dafa-duka, taliya, teba, sakwara. Gani ya kori ji!

A nan kuɗi ake faɗa, ludayi ya yi lissafi. Ka ce "zuba na 500", wani ya ce "na 700", kowa kuma a ba shi daidai nasa ba tare da sikeli ba. Ido ba mudu ba, ya san kima!

Ciniki bai kammala ba sai an yi gyara: ƙosai ɗaya a kan na kuɗinka, ko ɗan cokalin miya, ko gutsuren ganda. Mai abincin da ta manta za ta ji an ce, "Haba Inna, yau ba gyara?" Da gyara ake riƙe mai saye!

Garau-garau shi ne sarkin rumfa: shinkafa da wake, mai da yaji, a yanka latas, tumatir da albasa, in aljihu da nauyi a ɗora soyayyen kifi. Ɗan dako ko ɗan adaidaita sahu ya ci faranti guda da hantsi, sai la'asar zai sake tuna abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya!

A jihar Carolina ta Kudu da maƙwabtanta a Amurka, shinkafa da wake ake dafawa ranar 1 ga Janairu don fatan arzikin shekara, waken kuwa daga Afirka ta Yamma ya je can a zamanin cinikin bayi. Su sau ɗaya suke wannan biki a shekara. Mu a Tarauni kullum sabuwar shekara ce!

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Nijar na biye da ita, kuma buhunansa na cika kasuwar Dawanau. Daga shi ake ƙosai, alale da ɗan wake, har a Bahia ta ƙasar Brazil mata na soya ƙosai da manja a bakin titi. Wake ya yi yawon duniya ba fasfo!

Ɗan wake da kansa yake sanar da dahuwarsa: garin wake da na rogo, kuka da ruwan kanwa, a jefa shi a tafasasshen ruwa ya nutse, in ya fara nuna ya taso sama. Daga nan sai mai, yaji da dafaffen ƙwai. Mai jefa ɗan wake ba ta neman agogo!

Barkono, tumatir, gyaɗa, masara da rogo duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sai bayan shekarar 1492 suka tsallako teku. Ke nan yajin ƙuli da tuwon masara baƙi ne da suka zama 'yan gida. Kuka da daddawa kuwa namu ne tun kaka da kakanni!

Mai shayi yakan ɗaga kofi sama ya tsiyayo ruwan cikin wani kofin a ƙasa, ya mayar, ya sake, ko ɗigo bai zube ba. Da haka madara ke haɗewa, zafi ya ragu, kumfa ta taso. Kallo kyauta, shayi da kuɗi!

Teburinsa na da matakai: mai ƙaramin ƙarfi ya sha ruwan bunu ba madara, mai hali ya ce a yi masa kauri har cokali ya ji nauyi. Benci dai ɗaya ne, burodin ma wuƙa ɗaya ke yanka shi. Aljihu ya bambanta, hira ta haɗa!

Mutane da yawa ba su san ana noman ganyen shayi a Najeriya ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba yake, inda sanyi da hazo suka dace da shi. Shayinmu ma yana da gona a gida!

Farashin mai, sakamakon ƙwallon daren jiya, wa zai tsaya takara, wa ya ƙara aure, duk a teburin mai shayi ake warware su, rediyo na gefe yana ba da shaida. Shi ya sa labarin da ba shi da tushe ake ce masa na teburin mai shayi. A sha shayin, a tace labarin!

Bayan isha'i kasko ne ke mulki: indomi da ƙwai, attaruhu da albasa, ɗalibai da gwauraye sun yi layi. Mai shayi ya san wanda ba ya son yaji da wanda ke son ƙwansa ya soyu ƙayau, ba sai an tuna masa ba. Gwauro ma yana da mai kula da shi!

Gurasa ta Kano ce ta gidi, da alkama ake yin ta, a manna ta a jikin tanderu ta gasu. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗe ta da garin ƙuli, mai, albasa da tumatir, ta zama bandashe. A haɗa da tsire, magana ta ƙare!

Awarar da yara ke saye da yaji bayan an tashi daga makaranta, Sinawa sun yi ƙarnoni suna cin irinta. Madarar waken suya ce ake tafasawa, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse, a yanka, a soya. Daga Sin zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, yaji ne kawai ƙarinmu!

Unguwa Uku da ke da kasuwar 'Yan Awaki ba ta rasa nama, shi ya sa da yamma hayaƙin balangu da tsire ke tare hanya. Mai nama yakan miƙo ɗanɗano a bakin wuƙa tun ba a yi ciniki ba. Wanda ya ɗanɗana da wuya ya wuce!

A rumfuna da yawa za ka ga an rubuta "Ba bashi", a ƙarƙashin tebur kuma ga littafin masu biya ƙarshen wata. Mai abinci ta san albashin wa ya makara, ta kuma san wanda jiya bai yi ciniki ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa!

Gidajen abincin bakin titi na Amurka daga keken doki suka faro: a 1872 wani mutum a birnin Providence ya riƙa sayar wa ma'aikatan dare abinci daga cikin kekensa. Daga baya aka riƙa ƙera su a masana'anta da siffar taragon jirgin ƙasa, a kai su inda za a girke, kuma jihar New Jersey ce ta yi suna da yawansu. Su ma da mai shayin dare suka fara!

A can kofin gahawa ɗaya kake biya, a yi ta ƙara maka kyauta har ka ce ya isa. Sai dai in za ka tashi, al'ada ce ka bar wa mai kawo abinci tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da ka ci. Gyararsu a kofi take, tamu a faranti!

Da yawansu suna ba da abincin karin kumallo a kowane lokaci, ko da tsakar dare ne: ƙwai, dankali da wani faffaɗan fanke. Zumar da ake zuba wa fanken daga ruwan bishiyar mapul take, ana dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1. Zaƙi ba ya zuwa da arha!

In watan azumi ya kama, tukwanen rana kan huta, benci ya koma inuwar masu jiran magariba. Da an sha ruwa sai kunun tsamiya da ƙosai su karɓi gari, mai shayi kuma ya kai har sahur. Wata guda, agogon rumfa a juye!

Ba'amurke in ya rage abinci, a kwali ake zuba masa ya tafi da shi gida. A nan saura da ƙanzo robar almajiri suke shiga, wani ma yakan biya faranti guda ya ce a ba yaron da ke tsaye. Wannan gyarar lada ce!

Ba a cin abinci a benci ba a ce wa na kusa "bismillah" ba, ko da yau aka fara ganinsa. Shi kuma ya amsa da "Alhamdulillahi, a ci lafiya", kowa ya fita kunyar kowa. Tayi ba ya rage faranti!

To jama'a, a nan za mu dasa aya. In kun zauna a rumfa ku wanke hannu da sabulu, ku gaida mai tukunya, wanda sunansa ke cikin littafi kuma ya je ya biya, don da wannan kuɗin take sayen waken gobe. A ci lafiya!