Ba Albashi Kaɗai Ke Korar Likitocin Najeriya Ba

A shekarar 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar. Da an ambaci wannan adadi sai a ce ai kuɗi ne. Da ƙamshin gaskiya: har zuwa ƙarshen 2021 alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, kuma karyewar naira tun 2023 ta sa albashin gida bai ko kama ƙafar na Birtaniya ko Saudiyya ba. Amma duk wanda ya zauna da likitoci masu neman ƙwarewa ya san kukansu ya wuce nan.

Asibitin koyarwa wuri ne na gaba da gabanta. Tsarin yana da hujja, domin rai ake riƙe da shi, dole a san mai yanke hukunci. Inda abin ya ɓaci shi ne yadda ladabi ya rikiɗe ya zama tsoro. Ƙaramin likita zai kwana yana aiki, gari ya waye ya bi zagayen duba marasa lafiya, babba ya ci masa fuska a gaban majinyaci da 'yan jinya. Ba shi da bakin magana, don wannan babban ne zai sa hannu kafin ya zauna jarrabawar ƙwarewa. Idan ya yi ƙorafin gajiya, amsar ba ta wuce "mu ma haka muka yi". Wanda kuwa yake tsoron tambaya, kuskurensa zai ɓoye, majinyaci ne zai kwana a ciki.

Daga nan sai abin ya shiga cin kansa. Likita ɗaya ya tafi, cike gurbinsa sai an jira amincewar ofisoshi a Abuja, aikinsa ya hau kan waɗanda suka rage. Gajiya ta ƙaru, haƙuri ya ragu, na ƙasa ya sha faɗa, shi ma ya fara haɗa takardunsa. Shi ya sa a yajin aikin 2023 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta sa maye gurbin duk wanda ya tafi cikin manyan buƙatunta.

Hukuma ta daɗe tana kallon lamarin a baibai. A 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige ya ce ƙasar na da rarar likitoci. A 2023 aka kai ƙudiri Majalisar Wakilai na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, wato maimakon a gyara ɗakin sai a garƙame ƙofar. Manufar da gwamnati ta amince da ita a 2024 kan ƙaurar ma'aikatan lafiya ta fi hankali, sai dai takarda daga Abuja ba ta sauya yadda babba yake magana da ƙarami a ɗakin tiyata.

Arewa ta fi jin jiki, don likitocin da suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Babban asibitin ƙaramar hukuma da ke da likita ɗaya ko biyu, in ɗaya ya tafi, mai naƙudar da ke buƙatar tiyata sai an ɗauke ta zuwa birni.