Shin Ana Sayen Natsuwa da Kuɗi?

Wata haja ta shigo kasuwar zamani wadda iyayenmu ba su san ta ba, ita ce sayar wa mutum da hanyar kuɓuta daga wayarsa ta hannu. Akwai manhajojin da ake biya duk wata domin su kulle wa mutum shafukan da ke cinye masa lokaci. Akwai kuma kamfanonin da su ne da kansu suka cika wayar da tallace-tallace, sa'an nan su ce in kana son sauƙi sai ka biya.

A watan Nuwamba na 2023, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya bai wa mutanen Tarayyar Turai zaɓi: ko dai su yarda a riƙa bin sawunsu ana yi musu talla, ko su biya Yuro 9.99 a wata idan a kwamfuta ne. A 2024 ya rage kuɗin zuwa Yuro 5.99. A watan Afrilu na 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 200 saboda yadda ya fara tsara wannan zaɓi.

To, mutane suna shirye su biya kuwa? A 2023 Leonardo Bursztyn na Jami'ar Cikago da abokan bincikensa sun tambayi ɗaliban jami'o'in Amurka. Ɗalibi ya ce sai an ba shi kimanin dala 59 kafin ya bar TikTok na mako huɗu shi kaɗai. Amma da aka ce har da abokansa za su bari, sai ya ce shi ma zai biya kimanin dala 28 domin hakan ta tabbata. Ashe ba daɗin abin ne kaɗai ke riƙe da shi ba, tsoron a bar shi a baya ne. Ɗan kasuwar da masu cinikinsa duk suna WhatsApp, da ma'aikacin da sanarwar ofis ke iske shi ta can, sun fi kowa fahimtar wannan.

Ta fuskar fiƙihu, wannan biya ijara ce, kuma daga sharuɗɗan ijara akwai sanin amfani da lada da muddar lokaci. Cire talla na wata ɗaya abu ne sananne, ban ga laifinsa ba. Amma wanda ya ce kwanciyar hankali yake sayarwa, ya sayar da abin da ba shi da mudu, kuma wannan ya kusanci garari. Sa'an nan zuciyata ba ta natsu ba da wanda zai haƙa maka rami a ƙofar gida, ya dawo neman ladan cikewa.

Kafin a fitar da ko kwabo, a duba wayar da kyau. Tun 2018 Apple da Google suka sanya ma'aunin da ke nuna awowin da mutum ya ɓata, yana kuma iya ƙayyade wa kowace manhaja lokacinta, ba tare da biyan komai ba.