Jingar Haɗeja Da Rani A Ke Gyaranta

Duk wanda ya zauna ƙasar Haɗeja ya san kogin nan shi ne arzikinta. Shi ke ba da shinkafa da alkama da kifi, shi ne kuma ya kan tashi mutane tsakar dare a watan Agusta ko Satumba. An ga haka a 2001, aka sake gani a 2010 da 2020. Ta 2022 kuwa, mutanen Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Guri ba su manta da ita ba har yau.

In an tambayi mutumin ƙauye dalili, sai ya ce an saki ruwan Tiga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ta fi haka. Kogin Kano da na Calawa su ne su ke gamuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuwa a 1992. Tun daga nan ruwa ba ya yankewa a kogin ko da rani. Dā can, in rani ya yi, rafuka su kan ƙafe, ciyawa ta mutu, damina ta tarad da hanya a buɗe. Yanzu kuwa kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, yashi da laka su ka taru a gindinta. To, ruwan da ya taho ya iske hanyarsa a cushe, ina zai nufa in ba gonaki da gidaje ba?

Abin da mu ke so masu karatu su lura da shi, ruwan nan ba ya faɗo wa Haɗeja kwatsam. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ya yi kwanaki yana tafe daga Wudil. Ga shi kuma kowace shekara hukumar binciken ruwa ta tarayya ta kan faɗi wuraren da a ke jin tsoron ambaliya tun damina ba ta kankama ba. Labari ya kan zo, sai dai ya kan kwana cikin fayil a ofis. Akawun da takarda irin wannan ta shigo hannunsa, kada ya bari rana ta faɗi bai isad da ita ga hakimi da dagatai ba.

Mun sha ganin samari sun kwana suna cika buhuna da ƙasa, suna tare jinga da fitila a hannu. Lalle sun cancanci yabo. Amma da an yi rabin wannan aiki a watan Maris, sa'ad da ƙasa ta ke busasshiya, da gayya ɗaya ta isa.

Mu da mu ke horon malamai, abin ya shafe mu kai tsaye, domin in ruwa ya ci gari makaranta ce masaukin farko. Saboda haka kowane hedimasta ya san tudun da ya fi kusa, da masu kwalekwale na garin, da gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya. Rajista da littattafai a ɗaga su sama tun Yuli. A kuma koya wa yara tafasa ruwan sha, gama in ruwa ya janye ya kan bar rijiyoyi a gurɓace, amai da gudawa su biyo baya.