Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zana Duwatsu

Mai karatu, in kana kallon fim ka ga jirgin sama na ratsa tsakanin manyan duwatsu, kada ka yi saurin rantsewa cewa akwai su a doron ƙasa. Da yawansu kwamfuta ce ta ƙaga su.

Asalin abin daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ne, a birnin Siyatil ta Amurka. Akwai wani ma'aikacinsu, Loren Carpenter, wanda ya so ya sa duwatsu a bayan hotunan jirage da ake zanawa da kwamfuta. To, ita kwamfutar wancan zamani ta iya miƙaƙƙen layi da da'ira, amma dutse ba shi da ko ɗaya. A ce mutum zai zauna ya ba ta awon kowane tudu da kowane kwazazzabo, ai sai furfura ta cim masa bai gama ba.

Ana nan sai ya sami littafin wani masanin lissafi, Benoit Mandelbrot, wanda ya fito a 1977. Shi malamin ya lura cewa in ka ɓantari dutse ka dube shi da kyau, za ka ga ɓantaren ya yi kama da uwar dutsen. Wannan magana ita ce ta buɗe wa Carpenter ido.

Ga dabarar da ya yi. Ya zana alwatika guda, watau siffa mai kusurwa uku. Ya nemi tsakiyar kowane gefe nata, ya bar kwamfuta ta ɗaga wurin ko ta sauke shi kaɗan, yadda ƙuri'a ta faɗa. Da aka haɗa wuraren nan uku, alwatika ɗaya ta zama huɗu. Kowace aka sake yi mata haka, ana rage girman ɗagawar. Huɗu ta zama 16, 16 ta zama 64, da an zagaya sau goma sun haura miliyan ɗaya. Sai ga dutse da ƙololuwarsa da gangarensa, alhali babu hannun da ya zana shi.

A 1980 ya nuna wani ɗan fim na minti biyu mai suna Vol Libre a taron masana wannan fanni. Nan take kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, dabararsa kuma ta shiga fim ɗin Star Trek na biyu a 1982.

Amma fa duk manomin da ya san ƙasa zai gane ƙaryar waɗannan duwatsu na farko. Ruwa bai taɓa bi ta kansu ba. Dutsen gaskiya ruwan sama na dubban shekaru ne ya zaizaye shi, ya yanka masa ƙoramu, kowace na gangarawa ta tarar da 'yar'uwarta. Na kwamfuta kuwa cike suke da ramuka marasa mafita. Sai a 1989 Ken Musgrave da abokan aikinsa suka fito da hanyar zuba wa dutsen ruwan lissafi, ya kwashi ƙasa daga bisa ya jibge a kwari.

Waɗanda abin ya taɓa wa tuwo su ne masu zanen hannu na kamfanonin fim, waɗanda a da suke shafe makonni suna zana duwatsu da fenti a jikin gilashi. Daga shekarun 1990 aikin ya koma kan kwamfuta, wanda ya so ci gaba da sana'ar kuwa dole ya ajiye burushi ya koye ta.