Wasan Haɗin Gambiza: Yadda Ailan da Ostireliya Ke Faman Daidaita Dokokin Ƙwallo Iri Biyu

A watan Nuwamban 2006 mutane fiye da 82,000 suka cika filin Croke Park da ke Dublin don kallon karawar Ailan da Ostireliya. Tun kafin wasa ya yi nisa ya rikiɗe ya zama naushi da shaƙe-shaƙe. A cikin wannan hargitsi aka fitar da ɗan wasan Ailan Graham Geraghty a sume, bayan Danyle Pearce ya cafke shi ya maka shi da ƙasa. Ostireliya ta yi nasara da maki 69 da 31, amma ran mai horar da Ailan, Seán Boylan, ya ɓaci ƙwarai, kuma hukumar wasannin gargajiya ta ƙasar, wato GAA, ta ce ba za a buga gasar a 2007 ba.

Wasan da ya jawo wannan rigima ba ƙwallon ƙafar da muka saba gani ba ne. Sunansa International Rules, kuma an ƙirƙiro shi ne daga wasanni biyu da kowannensu ya taso a gidansa. Na farko shi ne ƙwallon Gelik na Ailan, wanda GAA ke kula da shi tun kafuwarta a 1884. Ana buga shi da ƙwallo mai zagaye, a fili mai kusurwa huɗu, da mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Na biyu shi ne ƙwallon Ostireliya, wanda aka rubuta dokokinsa na farko a Melbourne a 1859, kuma hukumar AFL ce ke tafiyar da shi a yau. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ce, filinsa ma haka, 'yan wasa goma sha takwas ne, babu raga, babu mai tsaron gida. Abin da ya haɗa su shi ne a duka biyun ana kama ƙwallo da hannu, a ruga da ita, a buga ta da ƙafa ko a tura wa aboki da bugun hannu. Matsalarsu ma ɗaya ce: kowanne sarki ne a gida, amma ba shi da wata ƙasa da zai kara da ita.

Wannan rashin abokin karawa ne ya sa wani tsohon alƙalin wasa, Harry Beitzel, ya jagoranci tawagar 'yan Ostireliya zuwa Ailan a 1967, har suka doke Meath, zakarun Gelik na wannan shekara. A 1984 aka fara gasar a hukumance, aka daina bayan 1990, sannan aka farfaɗo da ita a 1998.

An gina dokokin ne bisa tsarin ba ni gishiri in ba ka manda. Daga Ailan aka ɗauko ƙwallo mai zagaye, da fili mai kusurwa huɗu, da 'yan wasa goma sha biyar, da raga da mai tsaronta. Daga Ostireliya aka ɗauko kamu, wato damar rungumo mai riƙe da ƙwallo tsakanin kafaɗa da cinya a tsayar da shi. Aka kuma ɗauko cafka: duk wanda ya cafke ƙwallon da aka bugo da ƙafa kafin ta taɓa ƙasa, za a ja masa baya ya yi bugunsa a natse. Lissafin maki ma an raba shi. Zura ƙwallo a raga maki shida ne, wuce ta saman sandar gicciye tsakanin dogayen turaku maki uku, wadda ta kauce ta bi ta tsakanin dogon turke da gajeren da ke gefensa kuwa maki ɗaya. Ana buga zango huɗu na minti 18 kowanne, kuma alƙalai biyu ne a fili, ɗaya daga kowace ƙasa.

A takarda rabon ya yi kama da adalci. A fili kuwa abin da kowane ɓangare ya sadaukar ba nauyi ɗaya gare shi ba. Ɗan Ostireliya da aka ba ƙwallo mai zagaye zai yi ta ɓarar da bugu, ya sha dariya, amma lafiyarsa ƙalau zai koma gida. Ɗan Ailan da bai saba a rungumo shi a kayar ba, jikinsa ne ke biyan kuɗin koyo. Kamar a haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa ne a ce an yarda da kayarwa: wanda bai iya faɗuwa ba shi zai ji jiki. Ga kuma bambancin da babu dokar fili da za ta share shi. 'Yan AFL ƙwararru ne da ke cin abinci da wasan, kullum suna wurin atisaye. 'Yan GAA ba a biyansu albashi. Malaman makaranta ne, da ɗalibai, da ma'aikatan banki, da manoma, waɗanda ke atisaye bayan an tashi daga aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara guda kafin abin da ya faru a Dublin, a Melbourne, Chris Johnson na Ostireliya ya tare Philip Jordan da hannu a wuya ya zubar da shi, aka dakatar da shi wasanni biyar na wannan gasa. Sai dai hukuncin bai hana shi buga wa ƙungiyarsa wasa a gida ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya san laifinsa zai tsaya a gasar da wasanni biyu kawai ake bugawa a shekara, ba shi da abin tsoro sosai.

Gyaran dokokin da aka yi da aka dawo da gasar a 2008 ya taɓa wannan jijiya. Aka amince dakatarwar da aka yi wa ɗan wasa a gasar za ta bi shi har wasannin gida na AFL ko na GAA. Aka haramta jujjuya mutum a maka shi da ƙasa. Aka kawo alƙalin bidiyo daga Afirka ta Kudu, wanda ba shi da ɓangare. Aka kuma taƙaita tura ƙwallo da hannu zuwa sau huɗu a jere, daga nan dole a buga da ƙafa, domin 'yan Ostireliya sun gano cewa suna iya kauce wa wahalar bugun ƙwallo mai zagaye ta hanyar gudu da miƙa wa juna da hannu. A wannan shekara aka buga wasa mai tsabta, kuma Ailan ta yi nasara da tazarar maki biyar kacal a wasanni biyu.

Daga baya sai ma'aunin ya rinjaya ɗaya gefen. Manyan taurarin AFL suka riƙa noƙewa, domin gasar na faɗowa ne a lokacin hutunsu na ƙarshen kaka. A 2011 Ailan ta ninka Ostireliya maki, 130 da 65. A 2013, lokacin da Ostireliya ta turo tawagar da ta ƙunshi 'yan asalin ƙasar zalla, jimillar ta tashi 173 da 72. 'Yan kallo suka ragu, aka fara maganar binne gasar. Wasan da dā ake kuka da zafinsa ya koma ana kuka da sanyinsa.

Saboda haka aka sake zama a 2014. Aka ƙara tura ƙwallo da hannu daga huɗu zuwa shida. Aka wajabta wa mai tsaron gida ya buga ƙwallo ta wuce layin mita 45 idan zai dawo da ita wasa, abin da ke haifar da tsalle da gwagwarmaya a sama, fagen da 'yan Ostireliya suka ƙware a kai. Aka daina ba da ladan cafka ga ƙwallon da aka buga baya, don a hana ɓata lokaci. Mafi muhimmanci, AFL ta ce wanda ya taɓa shiga jerin gwanayen shekara ne kaɗai zai saka rigar ƙasa. Sakamakon ya nuna amfanin gyaran. Ostireliya ta ci 56 da 46 a Perth a 2014, Ailan ta rama da 56 da 52 a Dublin a 2015, sannan Ostireliya ta ɗauki kofin gasar, wato kofin Cormac McAnallen, a 2017 da jimillar 116 da 103. Gasar da aka shirya a 2020 kuwa annobar korona ce ta hana ta.

Idan aka duba wannan tarihi za a ga gyare-gyaren iri biyu ne. Akwai masu ƙara wa wani ɓangare ƙarfi su rage wa ɗaya, kamar adadin tura ƙwallo da hannu, waɗanda ake sauyawa duk lokacin da wata ƙasa ta sha kaye. Akwai kuma masu sauya halin 'yan wasa da na hukumomi, kamar hukuncin da ke bin mutum gida da sharaɗin kawo gwanaye. Irin na biyun ne suka ceci gasar sau biyu, kuma a nan ya kamata masu gyara su fi zuba ƙarfinsu.

Duk da haka akwai sauran aiki a cikin fili. Lissafin maki na buƙatar a sake dubawa. A tsarin Gelik da aka daɗe ana amfani da shi, ƙwallo ɗaya a raga daidai take da bugu uku ta sama, amma a wasan haɗin gambiza daidai take da biyu kawai. Wannan na sa ɗan wasa mai lissafi ya zaɓi maki uku mai sauƙi maimakon ya tunkari mai tsaron gida, alhali zura ƙwallo a raga ne ke tayar da 'yan kallo tsaye. Ƙara darajar raga zai iya gyara wannan ba tare da an fifita kowa ba. Alƙalanci ma haka: alƙali biyu da kowanne ya tashi da fahimtarsa game da kamu za su iya busa usur iri biyu kan laifi ɗaya, sai idan an horar da su tare tun kafin gasa. Sannan shi kansa Gelik ya sauya. Ya karɓi cafka a 2017, kuma a 2025 kwamitin da Jim Gavin ya jagoranta ya kawo maki biyu ga bugun da aka yi daga bayan layin mita 40. Dokokin da aka tsara a 2014 suna magana ne da wani Gelik da ya riga ya wuce.

Babban gyaran da ya rage ba a cikin littafin alƙali yake ba. Ɗan wasa ba zai ƙware a dokar da yake haɗuwa da ita na 'yan makonni sannan ya yi shekaru bai sake ganinta ba, kuma yawancin munanan kamu daga rashin sabo suke fitowa. Jim Stynes, ɗan Dublin da ya lashe lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan ƙwallon Ostireliya a 1991, da Tadhg Kennelly, wanda ya ci kofin AFL da Sydney a 2005 ya kuma ci na Ailan da Kerry a 2009, sun nuna mutum ɗaya na iya gwanancewa a wasannin biyu, amma sai da suka shafe shekaru suna koyo. Idan GAA da AFL na son gasar ta rayu, sai su tsayar da jadawali na dindindin, su kulle dokoki na wasu shekaru ba tare da taɓa su ba ko da wa ya sha kaye, su kuma fara da matasa 'yan ƙasa da shekara ashirin, waɗanda za su girma sun san yadda ake kamu da yadda ake faɗuwa.